Inda Sau Lua Take Sauka

A ƙauyen nan namu na bakin rafi, can ƙasa da garin Tra On, kowa ya san sha biyu ga wata na uku ranar tunawa da rasuwar Malam Muoi ce, kowa kuma ya san wadda ke buɗe waƙa ran nan. Shekara talatin da ɗaya ke nan, da an kunna turare a gaban hoton malamin, an ci an sha an kwashe kwanuka, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, Sau Lua ta gyara zama ta yi gyaran murya. Ba wanda ya naɗa ta. Malamin ne tun yana raye ya ce a duk waɗanda ya koya wa waƙa ba mai sauka a kan ho kamar Lua, ita kuwa ta adana maganar nan fiye da yadda ta adana 'yan kunnen aurenta.

Saukar nan ita ce komai a vong co, irin waƙar da ake yi a wajenmu. Masu kiɗa za su ɗan zagaya da tsirkiya su sa wa mai waƙa ho a kunne, sautin da waƙar za ta tashi daga kansa ta kuma dawo ta zauna. Daga nan su ɗauke hannu su bar ta ita kaɗai, ta ja dogon baiti da numfashi ɗaya, ta hau, ta gangara, ba mai riƙe ta. In ta dire daidai kan ho, kiɗa ya shigo tare da ita, tafi ya tashi. In ta kauce ko da kaɗan ne, to sai ka ga kowa ya sunkuya yana yabon shayi.

Mijinta, Bay Khiem mai lambun lemu, shi ke kaɗa kim, molon nan mai tsirkiya biyu da ciki kamar wata. Kim ne ke ba da ho, sauran su ɗaura nasu su bi. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, Sau Lua ce ke yin maganarsu su biyu, har ta rage saura.

Bana sai Tam Quoi, ɗan marigayin, wanda ke kaɗa jita kuma a gidansa ake taron, ya yi wa ɗansa aure. Amaryar daga garin Bac Lieu take, sunanta Diem. Tun kafin ta san inda ake ajiye gishiri a gidan, surukin ya cika ƙauye da labarin wai ta iya waƙa. Sau Lua ta ji, ta ce ai madalla, duk yarinyar da ke wanki tana waƙa.

Saura kwana goma taron, suka haɗu da la'asar a gidan Tam Quoi don su gwada hannu. Sau Lua ta yi nata kamar kullum, ta sha ruwa. Sai Tam Quoi ya ƙwala wa surukarsa kira. Ta fito tana goge hannu a gefen wando, ta gaida Goggo Sau da Baffa Bay har da rusunawa, ta zauna a bakin tabarma.

Bay Khiem ya karkato ya ce, "'Yata, ina kike so in ajiye miki?"

Yarinyar ta ɗan yi sauti a hanci. Ya kai hannu ga maɗaurin tsirkiya, ya karkata kai yana saurare, ya murɗa. Ya sake murɗawa. Ya murɗa na uku. Sau Lua na ƙirgawa. Ga wani ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin wanda rabonta da ganinsa tun ranar da lemunsu ya fara 'ya'ya.

Yarinyar ta yi waƙar. Ba sai an tsaya faɗin yadda ta yi ba. Matar da ke yankan kifi a bayan gida ta fito da wuƙar a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, wani mai kwalekwale ya kashe injinsa a tsakiyar rafi. Da ta sauka a kan ho, mutum shida ne kawai a wurin, amma tafin ya kori kaji.

Sau Lua ma ta tafa. Ta ce yarinyar ta yi ƙoƙari, sai dai ta riƙa buɗe baki sosai.

A hanyar gida ba ta ce komai ba, abin da ya sa Bay Khiem ya yi ta waiwaye ko ta faɗa ruwa. Kifin da ta dafa masa ran nan gishiri zalla ne. Na washegari babu gishiri ko kaɗan. Ya cinye duka biyun bai ce uffan ba, wannan ya ƙara ƙona mata rai.

Abin da ke cin ta shi ne tambayar nan. Ina kike so in ajiye miki. Ta yi ta lalube a ranta ko yaushe rabon da ya yi mata ita, ba ta samo ba. Ita dai in za ta yi waƙa, ya ciro kim daga jaka, ya ɗan taɓa, ya gyaɗa kai, shi ke nan, kamar mai shirin sa takalmin zuwa lambu. Amma 'yar Bac Lieu, har da karkata kai. Daga nan tunaninta ya ƙara gaba. Ashe sama ya ɗaga wa yarinyar, shi ya sa muryarta ke ƙyalli. Ita kuwa ya bar ta can ƙasa tana gurnani kamar bauna a cikin taɓo. In aka ba kowa ho mai tsayi ai zai yi ƙyalli.

A kasuwar safe ta bakin gada aka ƙarasa ta. Mai sayar da ganye, wadda ba ta taɓa nufin kowa da sharri ba sai dai bakinta ba shi da murfi, ta kama hannunta ta ce, "Yaya Sau, na ji amaryar Tam. Na rufe ido sai na ce ke ce, lokacin da."

Lokacin da. Sau Lua ta ajiye ganyen da ta riga ta zaɓa ta ce ya yi yaushi. Kafin ta bar kasuwar ta kuma jiyo cewa Tam Quoi na zagayawa yana tambayar mutane, wai shi ba don komai ba, ko ba zai yi kyau sabon jini ya buɗe waƙa bana ba, tunda yarinyar yanzu 'yar gidan malamin ce.

Ta sami mijinta da tsakar rana yana kwasar laka daga kwalbatin lambu yana zubawa a gindin lemu. Ta tsaya a kan gadar gora ta riƙe ƙugu, ta zazzage masa duka: murɗa ukun, da murmushin, da karkata kan, da wata mai sayar da kankana da ya taɓa taimaka wa ta ɗaure kwalekwale shekara ashirin da suka wuce. Shi dai yana ta kwasar laka.

"Ran taro," in ji ta, "ho ɗin da ka ba ta, shi za ka ba ni."

Ya miƙe, laka har gwiwar hannu. "Kar ki yi haka, tsohuwa."

"Wato ba zan iya ba ke nan."

"Ban ce ba."

"To me ka ce?"

Ya duba lemu, ya duba laka. Ya koma kwasarsa.

"Ka ji dai. Kuma ba sai ka yi min murmushi ba, ka adana wa masu shi."

Da aka sake gwaji ana saura kwana biyu, ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi, ba ta yi waƙa ba. Ta jira Diem ta gama nata, ta fizge kim ɗin daga cinyar mijinta tun bai taɓa maɗauri ba, ta ce ita za ta kai gida. A gida ta ɗauko jan farcen da jikarta ta manta, ta ɗiga a kan kowane maɗauri, ta ja ɗigon har kan itacen wuya, yadda ko gashi aka murɗa za ta gani. Ta rataye kim ɗin a gefen gadonta. Bay Khiem ya shigo ya ga jan ɗigon, ya fita ya je ya zauna wajen agwagi.

Ran taro mutane sun cika fiye da kullum, don labari ya zaga cewa bana za a ji abu biyu. Aka kunna turare, aka jera wa malamin shinkafarsa da naman da aka dafa da ruwan kwakwa da ɗan kofin giyarsa. Aka ci, aka sha. Da aka shimfiɗa tabarmi, Tam Quoi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Sau Lua ta riga ta zauna a tsakiya cikin rigarta ta siliki mai ruwan gwanda, ya mai da bakinsa ya rufe.

Ta duba maɗaurin. Jan ɗigo na nan a kan layi.

Bay Khiem ya ba da ho. Tam Quoi ya ɗaga gira, ya kalli kim, ya kalli Sau Lua, sannan ya ɗaure jitarsa ya hau. Suka zagaya, suka zagaya, suka ɗauke hannu.

Ta ɗauka.

Farkon ya fito, sai dai siriri, kamar ana matse shi ta ƙofar da ba tasa ba. Ta ji jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta tura, ta hau inda ya kamata ta hau, muryar ta taɓa wurin da ƙyar ta saki. To daga nan ne abin ya fara. Ba ta yi niyya ba. Numfashin na tafiya, muryar na zamewa kaɗan-kaɗan, kamar ƙafar da ta saba da hanyar gida ko mai ita na tunanin wani abu. Tana jin ho ɗin da aka ba ta yana can sama yana jira, tana kuma jin inda maƙogwaronta ya nufa, ta san wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Ba wurin tsayawa a baitin nan, ba wurin komawa. Ga mutum kusan sittin, ga hoton malamin, ga 'yar Bac Lieu tsaye da butar shayi.

Ta gefen ido ta ga mijinta ya sunkuyar da kai kan kim ɗin kamar mai gyangyaɗi, kunnensa kusan a kan itacen. Ya danne tsirkiyar da gefen tafin hannu, yana ɗan taɓa ta da farce yadda ba mai ji sai shi. Ɗaya hannun na can bayan wuyan molon.

Ta gangaro, ta gangaro, ta rufe ido, ta dire.

Kim na wurin. Ya shigo ƙarƙashin muryarta daidai, ba sama ba ƙasa. Tafi ya tashi har agwagin maƙwabta suka amsa. A cikin tafin nan ne jitar Tam Quoi ta shigo ita kaɗai can sama, da wani irin ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Mutane suka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce Tam ya sha rabon malamin ne ya haɗa da nasa. Tam Quoi ya ɗauke hannu, kunnuwansa jawur, ya ajiye jitar a cinya. Kim kaɗai ya raka ta har ƙarshen waƙar, kuma maganar gaskiya, ta yi daɗi.

Da aka gama, mata suka yi ta shafa mata baya. Mai sayar da ganye ta ce ita daman ta faɗa, babu kamar Yaya Sau. Tam Quoi bai tafa ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya ce shi fa yatsansa bai motsa daga inda aka ba shi ba. Ya ce shekara arba'in yana kiɗa bai taɓa jin an ba da ho sannan a ɗauke shi a tsakiyar waƙa ba, kamar a ba baƙo kujera a janye yana shirin zama.

"A gidan ubana, Yaya Bay. A gaban hotonsa. Kai ka ba ni, ni na bi, kuma ni ake wa dariya."

Bay Khiem ya shafa cikin kim ɗin ya ce, "Maɗaurin ne ya zame min. Ka yi haƙuri."

"Duka biyun suka zame? Lokaci ɗaya?"

"Tsufa ne."

Tam Quoi ya ce to in tsufa ne ba abin kunya ba ne, kowa zai je. Amma kunnen da ba ya riƙe ho bai kamata ya riƙa ba wa wasu ba. Daga baɗi kim ya huta, jita za ta riƙa bayarwa. Ya juya wajen dattawan ya tambaye su ko ya yi ƙarya. Dattawan suka sunkuya suna yabon shayi.

Sau Lua na zaune, tafin bai gama fita daga kunnenta ba. Ta kalli maɗaurin. Ɗigon jan farcen ya rabu da layinsa, ya koma can gefe, duka biyun, daidai wa daida. Abin da ya zame ba ya zamewa haka. In ta yi shiru, tafin nata ne, wurin nata ne, baɗi ma ita ce. Tsoho ne kawai zai zauna a gefe da kim ɗinsa a jaka, shi kuwa ba zai taɓa buɗe baki ba, ta san shi.

Sai ta ɗaga ido ta ga Diem. Yarinyar ta tsura wa butar shayin ido kamar yau ta fara ganin buta. Ta ji ke nan. Duk taron nan ita kaɗai ta ji inda aka tashi da inda aka sauka, ta kuma ga hannun Baffa Bay, ga shi tana rufa wa Goggo Sau asiri saboda ladabi. Wannan ladabin ne Sau Lua ta kasa haɗiyewa. Ta zauna shekara da shekaru a ƙarƙashin tausayin 'yar Bac Lieu?

"Kai Tam," ta ce. "Bar tsoho. Kunnensa ya fi naka tun kana yawo ba wando."



"Ni na sauko. Ya ba ni ho ɗin surukarka don ni na sa shi, na kasa riƙewa, ya biyo ni. Kai da kake da kunne, me ya hana ka ji ina gangarowa?"

 Tam Quoi ya ce ai ba wani abu, a gida ake, ya zuba wa Yaya Bay giya da hannu biyu. Maganar jita ta ba da ho ba a sake tayar da ita ba. Ɗayar maganar kuwa ba wanda ya faɗe ta, amma da aka kira Diem ta yi nata, kowa a rumfar ya san wadda za ta zauna a tsakiyar tabarma baɗi.

Da yamma suna komawa a kwalekwale, shi yana tuƙi a baya, ita tana gaba da kim ɗin a cinya da ƙunshin abincin da aka raba. Sai da suka wuce gadar gora ta biyu ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ruwa ya shiga lambu."

Ta lissafa. Shekara sha ɗaya.

"Kaɗan-kaɗan ne," in ji shi. "Wata shekarar ma ban taɓa ba."

"Kuma duk suka bi ka ba wanda ya sani."

"Ai kim ake bi."

"Ni fa? Bakinka ciwo yake da ba za ka gaya min ba?"

Ya ce me zai gaya mata. Mai waƙa ke da ho, shi nasa ya nemo inda yake ya tsaya a wurin. Ta tambaye shi to don me ita ba ya tambayarta inda za a ajiye mata. Ya ce yana jin ta kullum da safe tana yi wa agwagi faɗa, daga nan yake ɗaurawa tun kafin su fito gida. Yarinyar kuwa bai san nata ba, dole ya tambaya.

Suka wuce gidaje uku.

"Murmushin fa?"

"Wane murmushi?"

"Kar ka raina min hankali, tsoho."

Yana tuƙi ya ce, "Rabona da murɗa maɗaurin nan har can tun kina da kitso biyu. Shi na tuna."

Ta ce ƙarya yake, kuma ya kula da gungumen da ke gabansa. Kifin ran nan dai gishirinsa daidai.

Da shekara ta zagayo, Diem ce ta zauna a tsakiya, bayan ta zo ta rusuna ta nemi izinin Goggo Sau, abin da ya sa Goggo Sau ta ji kamar ta make ta da mafici. Sau Lua ta zauna kusa da mijinta, kusa sosai, gwiwarta na taɓa tasa. Ya ciro kim daga jaka. Ragowar jan farcen na nan a maɗaurin, bai kankare ba. Ya karkata kai ya fara murɗa wa yarinyar, Sau Lua na ƙirgawa a ranta. Ɗaya, biyu, uku. Ya ɗan saurara. Ya ƙara na huɗu. Ho ɗin yarinyar kuwa yana nan inda yake bara.

Yarinyar ta sauka a kan ho, tafi ya tashi, Sau Lua ta tafa da yatsu biyu. Da aka zo kanta, bai tambaye ta komai ba, ya mai da huɗun ya gyaɗa kai. Ta ja baitinta can ƙasa a natse, ta dire, kim na wurin.

Washegari a kasuwar bakin gada ta gaya wa mai sayar da ganye, a asirce, yadda kowa zai ji, cewa bara uku ne, bana huɗu. 'Yar Bac Lieu ce ke ƙara hawa don neman suna, in ji ta, kuma in ba ta yi hankali ba za ta lalata maƙogwaronta tun da ƙuruciya.